Shekarar da Tuffar Madani Ta Yi Azumi

Wari ne mai tsami, kamar na ƙullun da ya kwana ba a dama ba, amma da ƙasa a cikinsa. Jiya da la'asar na ji shi, da na ɗaga tukunyar na'ana'ar da ke bakin tagar kicin ɗina a unguwar Khalidiyya ta Madina. Na cika mata ruwa, ta ruɓe daga ƙasa. Na tsaya riƙe da tukunyar, miya na tafasa a bayana, hankalina kuwa ya koma tsakar gidanmu na unguwar Ranuna, ina 'yar shekara goma sha huɗu, a durƙushe a gindin wata bishiya.

Azumin bana na sanyi ne. Yini gajere, kafin ka tuna da ƙishirwa an kira magariba, famfo kuma ba ya ɗaukewa. Wancan azumin, na shekarar da Hijira ta cika dubu ɗaya da ɗari huɗu, a tsakiyar zafi ya faɗo, a lokacin da mutanen Madina ke kira mai dafa dabino. Iska takan taso daga kan baƙaƙen duwatsun da suka kewaye gari kamar daga bakin tanda. Idan ka taɓa ƙofar ƙarfe da azahar, sai ka yini kana hura tafin hannunka.

Abba daga Kano ya zo karatu jami'a, da ya gama aka riƙe shi yana koyar da baƙi Larabci. Gidan da muke haya ƙarami ne, kusa da gonakin dabinon Ƙuba: ɗakuna biyu, da kicin, da tsakar gida mai dogon bango. A jikin bangon nan, inda inuwa ta fi daɗewa, bishiyar take.

Tuffa ce, amma ba irin ta ci ba. 'Ya'yanta ba su fi magarya girma ba, kuma tsaminsu har cikin kunne. Aikinta fure ne kawai. A ƙarshen sanyi takan yi shi, fari mai ratsin ja, ba da yawa ba, don ita ba 'yar ƙasar zafi ba ce. Maƙwabciyarmu Khala Saliha, wata dattijuwa da iyayenta suka zo daga Bukhara, ita ta kawo dashen ranar sunan ƙanena, ɗanta ne ya taho mata da shi daga Ɗa'if. Sunan ƙanen nawa Muhammadu, amma Madani ake kiransa don shi kaɗai aka haifa a nan. Khala Saliha ta tambayi inda za a dasa. Umma tana zaune a ƙofar ɗaki, jikinta na tururin wankan jego, ta nuna gefen bango da baki, ta ce can.

Madani ya fara tafiya yana riƙe da wannan itace, shi da shi duk ba su da ƙwari. Bai kai shekara biyu ba ƙyanda ta ɗauke shi. Maza suka kai shi Baƙi'a. Mata ba sa shiga, kuma ba a rubuta suna a kan kabari. Bayan wasu watanni Abba da kansa ya ce ba zai iya nuna wurin daidai ba, ya dai san ɓangaren. Idan muka je Harami ni da Umma, takan tsaya a wajen katangar ta yi sallama ga mutanen ciki gaba ɗaya, mu wuce. Ban taɓa ganin hawayenta ba. Abin da na gani shi ne, a makon da aka yi rasuwar ta ɗauke butarta da kujerarta 'yar tsuguno ta mai da su gindin tuffa. Daga ranar a nan take alwala. Kowa a unguwa yana cewa bishiyar Madani. Ita kaɗai ke cewa itacen nan.

A wancan zafin ruwa ya yi wuya. Famfo yakan zo ya tafi yadda ya ga dama, wani lokaci da zafinsa kamar an dafa. Idan ya daɗe bai zo ba, sai a jira wayit, motar ruwa, a fita da bokitai. Umma ta kafa doka: ba ruwan da za a zubar sai ya yi aiki biyu. Da safe, kafin rana ta ɗaga, ni ke cika zir, babbar randar da ke zaure, in wanke 'yan tulunan shan ruwa in turara su da ƙaron mustaka mai ƙamshi, in jera su a kan taga inda iska za ta sanyaya su kafin magariba. Umma tana tsince alkamar shorba, romon buɗa-bakinmu, tana jiƙa tsamiyar kunu. Daga hantsi zuwa la'asar babu mai motsi. Mukan jiƙa zani mu rufa, mu kwanta a kan siminti, rediyo na karatu a hankali. Da la'asar gida ya farka: naɗin sambusa, dama kunu, ɗauraye dabino ɗanye da ya fara nuna. Sai a zauna ana kallon tuluna, ana sauraren ƙarar igwar shan ruwa daga cikin gari.

Duk ruwan da ya rage daga waɗannan ayyuka, na wankin shinkafa, na ɗaurayar kwano, na zanin da muka jiƙa, wuri guda yake ƙarewa. Gindin tuffa.

Tun kafin a ga wata ganyenta ya fara canjawa. Sabon ganyen da ta fitar ƙanana ne, koren ya kwashe ya koma ruwan ɗorawa. Da azumi ya kama sai ta fara langaɓewa da rana. Wannan bai dame mu ba da farko, kowa langaɓewa yake. Amma sauran tsirrai sukan miƙe da safe, ita ba ta miƙewa. Bakin ganyen ya bushe ya nannaɗe. 'Yan 'ya'yan da ta ɗauka suka zube suna kore.

Mu da harshenmu ke mannewa da ganda, me za mu gani a jikinta in ba ƙishirwa ba? Abba ya dube ta wata la'asar ya ce baiwar Allah ta ɗauki azumi tare da mu, ga shi ba a wajabta mata ba. Shi ma ya koma yin alwala a gindinta. Ni ma haka. Na tuna yadda nake jin daɗin zuba mata ruwa da tsakar rana, ina jin ƙasa tana tsotsa, kamar wani ne yake sha a madadina. Muka kafa mata rumfa da buhu don iskar zafi. Ba ta farfaɗo ba.

Hajja Batula ta zo. Bahaushiyar Sudan ce, ungozomar duk matan Hausawan yankin, ita ta karɓi haihuwar Madani ta yi wa Umma wankan jego. Ta ce ko ƙwari ne ko baki. Muka bi ganye ɗaya bayan ɗaya muna juyawa, ba mu ga ƙwaro ba, ba yana, ba farin gari. Duk da haka ta barbaɗa toka, ta tofa addu'a, ta ce a ƙara ruwa. Daga ranar, idan za ta zo gidanmu takan taho da ɗan galan na ruwan alwalarta. Umma kuwa ta fara rage nata. Na lura tulunta na shan ruwa ba ya ƙarewa da magariba, kuma na san inda ragowar take zuwa.

Khala Saliha ba ta gari duk wannan lokaci, tana Ɗa'if wajen ɗanta tana gudun zafi. Ta dawo a goman tsakiya don ta ƙarasa azumi a Madina. Ta shigo mana da la'asar, tana haki, ta gaishe da Umma da sunan da ba ta taɓa daina kiranta da shi ba, Ummu Madani. Hajja Batula na nan tana taya mu naɗin sambusa. Khala ta hango bishiyar, ta nufe ta.

Ba ta kalli ganye ba ko kaɗan. Ta cire takalmi ta taka ƙasar gindin, ƙafarta ta nutse, ruwa ya tsatso ta tsakanin yatsunta. Ta dafa kafaɗata ta durƙusa da ƙyar, ta ce in durƙusa ni ma. Ta kwashe laka kaɗan daga inda itacen ya shiga ƙasa, ta sa farcen babban yatsa ta danna ɓawon. Ya ɓurma kamar dafaffen dankali. A ƙarƙashinsa, inda ya kamata a ga fari mai ɗan kore, launin ya zama ja mai duhu. Sai warin nan ya taso.

Ta ce in shinshina, in riƙe shi a kaina. Sannan ta kankare reshe ɗaya a sama da farce ta nuna mini, can kore ne, da ransa. Ciwon ba a sama yake ba.

"Mahi atshana," ta ce, tana kallon Umma. "Hadi gargana."

Larabcin Umma na kasuwa ne da na salla, don haka ni ce mai fassara tsakaninsu. Na juya na ce, "Umma, ta ce ba ƙishirwa take ji ba. Nutsewa take yi."

Hajja Batula ta ajiye sambusar hannunta ta ce ita dai tun daga bakin kogi a ƙasarsu har zuwa nan ba ta taɓa jin itacen da ruwa ya kashe a cikin wannan wuta ba. Khala ta ce mata itatuwan ƙasarku raƙuma ne, ya Hajja, wannan amarya ce, kun zaunar da ita a cikin laka wata da watanni. Hajja Batula ta ce to amaryar Bukhara ce, shi ya sa ta cika iyayi. Suka yi 'yar dariya ta masu azumi, mara sauti. Umma ba ta yi ba.

Khala ta yi bayani a hankali, ina juyawa. Idan gindi ya daɗe a jiƙe, ɓawon da ke wuyan itace yakan ruɓe, saiwoyi su bi. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, sai ganye ya yi yaushi daidai irin na ƙishirwa, mai shi ya ƙara ruwa, ciwon ya ƙaru. Idan ruɓar ta zagaye wuyan gaba ɗaya, shi ke nan. Idan da saura, akwai rabo. Abin yi shi ne a tone ƙasa a zagaye gindin har manyan saiwoyi su bayyana, a kankare duk inda ya ruɓe da wuƙar da aka gasa a wuta, a barbaɗa farar wuta, a bar wurin a buɗe ya sha iska. A haƙa ɗan kwari a nesa, daidai inda inuwar rassa ta ƙare, nan za a riƙa zuba ruwa nan gaba, jefi-jefi, ruwa mai tsabta ba na wanke-wanke ba. Amma yanzu, har ƙasar ta bushe, babu ruwa. Ta ce a bar ta ta yi azumi na gaske.

Umma ta tambaya, "Ko ɗigo?"

Khala ba ta jira fassara ba. Ta girgiza kai.

Na zaci maganar ruwan ce za ta yi wa Umma nauyi. Sai ta tashi ta je ta tsaya tsakanin bishiyar da bango, ta ce a tona ko'ina, ban da nan. Khala ta ce ai nan ne ya fi jiƙa, nan rana ba ta kaiwa, in an bar shi an bar rabin ciwon. Na fassara. Umma ta ce ta ji, ban da nan. Na juya wajen Hajja Batula ina neman ta sa baki, ita da ba ta barin magana ta wuce ta, sai na ga ta sunkuya tana matse bakin sambusar da ta riga ta matse.

Raina ya ɓaci a ranar. Na ga kamar Umma ta fi kowa son itacen, kuma ita ce take tare masa magani. Bayan an sha ruwa na kai wa Abba ƙara, na jero masa duk abin da Khala ta ce, ina sa ran zai lallashe ta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi wane gefe ta hana. Na ce na bango. Ya daɗe yana juya ƙwallon dabino a hannunsa, sannan ya ce, "Nana, yadda ta ce haka za a yi."

Washegari da ya dawo daga asuba ya tuɓe rigarsa ta jami'a, ya ɗaura zani. Bai yarda a sa fartanya ba, don kada a sare saiwa. Da hannu muka tona, ni da shi, da wani tsohon ludayin ƙarfe. Lakar baƙa ce, mai sanyi, da ƙwayoyin shinkafar da suka kumbura a cikinta. Ƙananan saiwoyi suna fitowa baƙaƙe, suna saɓulewa a hannu kamar zaren da ya ruɓe. Khala tana zaune a kan kujerar alwalar Umma tana nuna masa da sanda, nan, ƙara kaɗan, tsaya. Ya gasa wuƙa a kan risho, ya kankare har fari ya bayyana, ya sake gasawa kafin ya taɓa wani wuri. Da ya iso gefen bango ya tsaya, ya daidaita ƙasar wurin da tafin hannunsa, ya bar ta. Kafin mu gama rana ta hau kan bango, leɓensa ya yi fari. Umma tana kicin duk tsawon aikin, ban ji ƙarar ko cokali ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a azumin. Iskar zafi ta ƙara ƙarfi a goman ƙarshe. Ƙasar gindin ta bushe ta tsattsage, ganye ya ci gaba da zuba, har bishiyar ta koma kamar tsintsiya. Kowace safiya ina share ganyen in kai bola, don Khala ta ce kada a bar shi a gindi. Ruwan wanke-wanke ya rasa wurin zuwa, muka riƙa yayyafa shi a ƙofar gida. Abba ya koma alwala a masallaci. Hajja Batula ta daina zuwa da galan, amma duk zuwanta sai ta tsaya ta kalli itacen ta ce Allah dai ya sa 'yar Bukhara ta san abin da take yi.

Umma ta mai da kujerarta bakin magudana, can ƙarshen tsakar gida. Wata azahar ina kwance a zaure, ta ɗauka barci nake, na ga ta gama alwala da saura a butarta. Ta tashi, ƙafafunta suka kai ta inda suka saba. Ta tsaya a kan bishiyar, butar a karkace, bakinta na kallon ƙasa. Rana tana dukan kanta ba mayafi. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Sai ta miƙar da butar, ta sa ɗayan hannun ta shafa itacen daga sama zuwa inda aka kankare, ta juya ta koma ɗaki da ruwanta.

Ana saura kwana kaɗan salla Khala ta zo ta tura yatsa cikin ƙasa har ƙarshensa, ta fito da shi a bushe. Ta ce yau za a yi buɗa-baki. Ta miƙa wa Umma bokiti, ta nuna mata kwarin da Abba ya haƙa. Umma ta bi shi a zagaye tana zubawa a hankali, nesa da gindin, kamar mai ba marar lafiya kunu da cokali.

Tuffar ba ta nuna alamar komai ba sai da zafi ya fara karyewa, bayan mahajjata sun watse. Wata safiya na ga toho, ja-ja, ƙanana kamar ƙwayar alkama, a rassan da ke kallon tsakar gida. Babban reshen da ke gefen bango bai yi ba. Na kankare shi da farce kamar yadda aka koya mini, ciki ya bushe. Abba ya yanke shi daga tushe. Khala ta kalli wurin yankan ta ce da an bar ta ta tona can, da wataƙila an tsira da shi. Wannan karon Umma ce ba ta jira fassara ba. Ta ce da Hausa, "Na sani."

Haka tuffar ta rayu, a karkace, duk jikinta ya koma gefe guda kamar mai leƙen ƙofa. A ƙarshen sanyin shekarar ta yi fure, bai kai cikin tafi biyu ba. A makon nan a tsakar gida Umma take shan shayinta na safe. Har muka bar Ranuna bayan shekaru ba ta sake alwala a gindin ba, kuma ba wanda ya taɓa ƙasar gefen bango.

Bara na haifi ɗana na fari, a asibiti. Da na dawo gida Umma ta tare a wurina don wankan jego, Hajja Batula kuma ta sa jikanta ya kawo ta barka. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi hazo. Ta shafa fuskar jaririn da yatsu, sannan ta tambaye ni ina mabiyiya, wa ya binne ta. Na ce ban ma gan ta ba, a asibiti aka bar ta. Ta yi tsaki a hankali ta ce zamani. Daga banɗaki ina jin Umma tana juye tafasasshen ruwa a baho.

Hajja Batula ta rage murya. "Ta Madani ni na wanke ta na naɗe a farin ƙyalle, ya bitti, 'yata. Abbanki ne ya haƙa ramin da hannunsa, daren da aka haife shi. A gidanku na Ranuna, tsakanin bangon nan da inda uwarki ta nuna a dasa itacen."